Musayar waƙa: masu hawa ƙarfen sabis za su ajiye sifana

Ɗan Rigasa:
Salamu alaikum. Mu masu kula da turakun sabis a Kaduna za mu shiga yaji, irin wanda ƙungiyar ma'aikatan kamfanonin sadarwa, PTECSSAN, ta kira a Satumbar 2024. Amsa-amona "ki" ne, mai amsawa ya bi sawu.

Da sunan Allah zan fara,
In faɗi dalilin yajin aiki.

Shekara tara ina hawan ƙarfe,
Igiya a ƙugu, sifana a baki.

Janareta ya mutu biyun dare,
Ni ake tasa in bar ɗaki.

Na bi hanyar Birnin Gwari da jarkar gas,
Ba ɗan rakiya, ba mai kaki.

Kamfani ya miƙa mu ga ɗan kwangila,
Shi kuwa ya ɗora mana kayan jaki.

Ba takardar ɗauka, ba fansho,
Sallama ma ta tes, abin mamaki.

Mu ashirin ne a yankinmu bara,
Yau mu bakwai, duk ciwon jiki.

Maman Khalifa, Kasuwar Barci:
Ƙanena, na ji kukanka sarai,
Amma yajinku ya fama min miki.

Da POS nake ciyar da marayu,
In sabis ya ɗauke, ina ni ina banki?

Ka tuna rufe layukan 2021?
Kan tudu muke kira, rana na dukan jiki.

An ƙara kuɗin kira kashi 50 a 2025,
Muka biya, ba wanda ya ƙi.

Ku da iyayen gidanku ke dambe,
Mu 'yan kallo ke shan kulki.

Baba na Kakuri:
'Yata, "ƙi" daban, "ki" daban, kin karya amsa-amo, amma ɓacin rai ne, an yafe. Ku matso.

Na yi saƙa a Kakuri ina saurayi,
Jiniya ta busa, titi ya zama biki.

Ranar da aka sa wa masaƙa kwaɗo,
Ba mu kaɗai muka shiga uku ba, 'yar kirki.

Mai tuwon bakin get ta kife tukunya,
Tela ya naɗe keken ɗinki.

In an kori sha uku a Rigasa,
Wa zai zo cire kuɗi a wajenki?

NITEL ta wayar gwamnati da aka kafa a 1985,
GSM ta zo a 2001 ta taka mata birki.

Ɗana, kai kuma ji ta bakin tsoho,
Yaji ba a shigarsa da raki.

Mayun 2021 Wabba, shugaban ƙwadago a lokacin, ya zo Kaduna da ƙungiyarsa NLC,
Kwana uku ba wuta, ba jirgi, ba banki.

Kai ya haɗu shi ya sa aka ji su,
Ku bakwai kaɗai, sai a yi muku tsaki.

Ku sa takardar ɗauka gaban ƙarin albashi,
Ita za ta hana a kore ku kamar awaki.

Ɗan Rigasa:
Baba, Allah ya ƙara girma, mun ɗauka. Yaya, ga taki amsar.

Kashi 50 ɗin da kika biya, Yaya,
Ko sisi bai faɗo aljihun ƙanenki.

Dubu 70 ta mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a 2024,
Kafin rabin wata ta ƙare a ciki.

Mun tuntuɓi na Zariya da Kafanchan,
Baba, ba mu bakwai ba ne a wannan faki.

Maman Khalifa:
To na sauko, Baba ya ɗaure ni.

Ƙanena, ka faɗa min ranar tun da wuri,
In ciro tsabar kuɗi in ɓoye a ɗaki.

In kun zauna a bakin get da kwalaye,
Zan aiko Khalifa da kunun zaƙi.

Baba na Kakuri:
Kin sake karyawa, 'yata. A zubo min kofi ɗaya.