Wai da gaske ne akwai ayar Alƙur'ani a jikin babban cocin Palermo?

Matafiyi:
Salamu alaikum jama'a. Aiki zai kai ni Italiya wata mai zuwa, taron kwana 2 ne a Palermo can tsibirin Sisili, na ƙara kwana 3 na kaina don in ɗan zaga gari. To wani abokin aikina ke ce min wai garin musulmi ne a da, wai har yanzu akwai ayar Alƙur'ani a jikin babban cocinsu, ni kam na ɗauka zuƙi ta malle ce kawai. Waɗanda suka san wajen don Allah me ya kamata in gani? Sannan maganar abinci, ina tsoron kada in je in afka wa alade ban sani ba.

Ɗalibin Tarihi:
Wa alaikumus salam. Abokinka bai yi maka ƙarya ba malam. A 827 ne rundunar Aglabawa, sarakunan musulmi masu mulkin Tunisiya a lokacin, ta tsallako Sisili, kuma abin da zai ba ka mamaki wanda ya ja rundunar ba soja ba ne, alƙalin Ƙairawan ne, Asad bin Furat, wanda ya yi karatu a gaban Imam Malik. Shi bai ma ga cin Palermo ba don ya rasu a 828, sai a 831 garin ya faɗa hannunsu suka mai da shi babban birni. Ibn Hauƙal, wani matafiyi Balarabe da ya je wajajen 973, ya ce masallatan garin sun kai 300, wasu na ganin ya ɗan ƙara gishiri amma dai ka san ba ƙaramin gari ba ne.

Normawa, wasu mayaƙa kiristoci 'yan asalin arewacin Faransa, suka ƙwace shi a 1072, to nan ne labarin ya yi daɗi a wajena, don maimakon su kori kowa sai sarakunansu suka riƙe magina da marubutan larabawa a fada. Sarki Roja na biyu shi ya ajiye al-Idrisi, masanin taswira musulmi, har ya gama masa taswirar duniya a 1154, wadda kudu ke sama arewa a ƙasa. In ka shiga Cappella Palatina, ƙaramin cocin da ke cikin fadar, ka ɗaga kai sama, rufin katako ne mai zubi irin na saƙar zuma aikin masu sana'a musulmi, bango kuma zanen ƙananan duwatsu masu ruwan zinare irin na Rumawan gabas, rubutu ga Larabci ga Girkanci ga Latin duk waje ɗaya. Ayar kuma tana jikin wani ginshiƙi a barandar shiga babban cocin, Suratul A'araf aya ta 54, don an taɓa yin masallaci a filin tun kafin a yi wannan ginin a 1185. Sai ka nema da kyau, mutane na wuce ta ba su lura ba.

Uwar Biyu:
Ni bar ni da tarihi, ciki na zo yi wa magana lol. Yayana ka je kasuwar Ballarò da safe, 'yan kasuwar rera tallansu suke da ƙarfi kamar waƙa. Ka ci panelle, garin wani irin wake ne ake damawa a yanka fale-fale a soya a cusa cikin burodi. Akwai taliya da kifin sardin da ake sa wa zabibi da za'afaran, na zaci ba za su haɗu ba amma wlh sai da na ƙara. Wanda za ka kiyaye shi ne pani ca meusa, saifar maraƙi ce amma a kitsen alade ake soya ta, kalmar da za ka riƙe ita ce strutto, wato kitsen alade, ka riƙa tambaya. Har cannoli ɗin nan mai zaƙi sau da yawa akwai strutto da ɗan giya a kwaɓinsa. Arancina kuma, curin shinkafar da ake soyawa, wadda ake kira al burro, wato mai man shanu, naman alade ne a ciki, kar sunan man shanu ya ruɗe ka.

Bature Baƙi:
Ɗalibi ka yi bayani amma ka tsallake ƙarshen labarin, zaman lafiyar bai ɗore ba ai, daga shekarun 1220 Sarki Firedirik na biyu ya kwashe sauran musulmin ya kai su Lucera, wani gari a kudancin Italiya. Abin da ya rage yawanci gine-ginen zamanin Normawa ne da sunaye, kamar unguwar Kalsa daga al-Khalisa, da fadar Zisa daga al-Aziza. Kada ka je kana neman tsofaffin masallatai ka dawo kana cizon yatsa.

Sannan ba wanda ya taɓo kiɗa. Teatro Massimo da aka buɗe a 1897 shi ne gidan opera, wato wasan kwaikwayo na waƙa, mafi girma a Italiya, ko ba ka son waƙar tasu da rana ana zagayawa da baƙi ciki. Ni dai wasan 'yar tsana na pupi ya fi burge ni, mayaƙa da sulke ana ta sara ana buga ƙafa a dandamali, sai dai ka shirya, musulmi ne abokan gaba a yawancin labaran kuma su ake kayarwa.

Matafiyi:
Kai na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na rubuta strutto a waya tun yanzu. Uwar Biyu ita panelle ɗin fa da wane mai ake soya ta, ko ita ma sai na tambaya?