Neman shawara: ina so in zura na'urar ifek ta rak cikin akwatin amfilifayar jita

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah ku ba ni shawara kafin in yi ɓarna. Ina da kan amfilifaya (wato wadda akwatinta daban yake da na sifika) mai bawul, kwalaben gilashin nan masu ƙara ƙarfin sauti, wat 50, bawul samfurin EL34 guda biyu, irin wanda shasin, wato ƙarfen da aka ɗaura kayan wutar a jikinsa, yake ƙasa bawul suna tsaye, sannan ina da na'urar ifek, wato mai yi wa sauti ado, da nake samun amsa-kuwwa da ita, irin wadda ake ɗaurawa a rak (firam ɗin jera na'urori), mai tsayin 1U, wato hawa ɗaya na rak. Wallahi na gaji da ɗaukar akwati biyu da jone-jonen waya duk inda za mu yi wasa, na auna na ga faɗin akwatin ya wuce inci 19 sosai kuma akwai fili tsakanin bawul da rufi, shi ne nake tunanin in yanke allon gaba in kafa ƙarafan rak in zura ta a saman. Akwai wanda ya taɓa yi?

Amsa ta 1: Wa alaikumus salam. Ɗan uwa kar ka sa ta a sama, wannan filin da kake gani ba na banza ba ne, hanyar da zafi yake fita ce. Ka kunna ta awa ɗaya ka ɗora hannu a rufin ka ji. In ka toshe wurin ka cuci abu biyu, na'urar za ta gasu daga ƙasa kafasitocinta masu ajiye cajin wuta su bushe da wuri, su kuma bawul su rasa iska. In dole sai ka haɗa su to a ƙasan shasi za ta zauna, ma'ana sabon akwati mai tsayi za a yi maka da filawud milimita 18, ka ajiye na asalin lafiyarsa ƙalau, ko ranar da za ka sayar za ka gode min.

Amsa ta 2: Na goyi bayan malam na sama, amma ni abin da ya ba ni wuya ba zafi ba ne, ƙugi ne. Babbar taransifomar wuta tana watsa maganaɗisu a kewayenta, na'urar tana matsowa kusa sai ka ji wani huuu a sifika wanda ba ya tafiya ko ka rage murya. Na kashe kuɗin katako na gama aiki tas sannan na gane, abin ya min ciwo sosai. Kafin kafinta ya taɓa zarto ka jona komai yadda kake wasa, ka sa na'urar a ƙarƙashin kan daidai inda za ta zauna, ka riƙa matsar da ita hagu da dama kana saurare. Kuma kar jikin na'urar ya taɓa shasi ta hanyar ƙarafan rak ko noti, yana kawo wani ƙugin daban, ka sa wosha ta roba. Duk wanda ya ce ka cire wayar at, wato mai kai wuta ƙasa, don ƙugi ya tafi kar ka saurare shi, ita ce take tsare ranka.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. To wane awo zan ba kafinta?

Amsa ta 2: Fuskar rak inci 19 ce, milimita 482.6, tsayin 1U kuma inci 1.75 wato milimita 44.45. Ni dai 2U zan ce ka yi, ɗaya na na'ura ɗaya ka rufe da faranti mai huji don iska. Abin da mutane suke mantawa shi ne zurfi, akwatin kai ba shi da zurfi sosai, wasu na'urorin sun fi shi, ga kuma kawunan waya a baya, ka nemi jak masu lanƙwasa.

Amsa ta 3: Ba wanda ya faɗi wannan kuma shi ya fi damuna. Ciro shasi ba wasa ba ne, cikin irin wannan amfilifayar akwai wuta sama da bolt 400 kuma manyan kafasitoci suna iya riƙe ta ko bayan ka zare daga soket. In ba ka iya sauke cajinsu ka tabbatar da mita ba, don girman Allah ka kai wa mai gyara ya mayar maka da shasin. Kuma wajen gwajin nan kar ka kunna ba tare da sifika a jone ba, taransifomar fitar da sauti ce za ta lalace.

Amsa ta 4: Ni fa gaskiya ban ga ribar ba, kan da ma nauyi gare shi ka ƙara masa katako da na'ura, ƙaramin akwatin rak da waya biyu a ɗaure ya wadatar. Amma tunda ranka na so, ka duba maɓallin ƙarfin sigina a bayan na'urar, -10 ko +4, ya dace da ramukan Send da Return na amfilifayarka, inda ake jona na'urar ifek, in ba haka ba sauti zai riƙa fashewa ko ya yi ƙasa ka zaci aikin katakon ne.

Mai tambaya: Na yi gwajin yanzun nan, a gefen taransifoma ƙugin ya fito sosai, da na matsar da ita ɗaya gefen sai ya kusa ɓacewa gaba ɗaya. Don haka ramin ba zai zauna a tsakiya ba, gefe zan kai shi, 2U a ƙasa, tsohon akwatin kuma ba zan taɓa shi ba. Shasin mai gyara zan kai wa. Allah ya saka muku da alheri.