Kuɗin sabis ɗin Prius a gareji: abin da masu motar suka ce

Bakinsu ya zo ɗaya: juyen baƙin mai a Toyota Prius kamar na kowace mota ne, kada bakanike ya ninka kuɗi don ya ga mai batir ce. A sa shi ya ware kuɗin kaya da na aiki, a ga galan ɗin man da ya dace da ƙirar motar, kamar mai lamba 0W-20, a rufe kafin ya buɗe. Birkinta kan daɗe, tunda lantarki ke rage mata gudu. Ƙirar 2010 zuwa 2015 ba ta da fambel, amma wani har kuɗin fambel aka karɓa a hannunsa! In aka ce babban batir, mai taya inji jan motar, ya mutu, a fara duba ƙaramin batirin da kuma fankar da ke sanyaya babban, wadda ƙura ke toshewa, sannan a ji ta bakin wani garejin.