Wane fentin shimfiɗa ya dace da ɗan jirgin ƙasa?

Baban Ummi: Salamu alaikum. Ƙanena ya aiko min ɗan jirgin ƙasa na ado, ma'aunin HO, wato 1:87. Taragun roba ne, kan jirgin mai jan su kuma tagulla ne. Na fesa fenti kai tsaye, farce na taɓawa ya ɓare. Me zan fara shimfiɗawa?

Mai Tarago: Wa alaikumus salam. Ga roba, nemi fentin shimfiɗa na kamfanin Tamiya, ruwan toka. Wanke da sabulu tukuna, maiƙon yatsa ke hana fenti kamawa. Feshi sama-sama sau biyu. In ya yi kauri, zai binne ƙananan ƙusoshin.

Kawu: Tagulla sai fentin shimfiɗa mai cin ƙarfe, irin na masu fentin mota. Kuma, ɗana, kar ka fesa a tsakar gida da hunturu. Ƙura ta taɓa mayar min da tarago kamar bangon laka!