Archangel a Marvel Contest of Champions: ya cancanci a kashe masa kaya?

Ɗan Ƙofar Marusa:
Salamu alaikum 'yan uwa. A wasan faɗa na waya Marvel Contest of Champions, jarumai biyu, Archangel da Hyperion, ne a hannuna, kayan ɗaga matsayi kuma na mutum ɗaya ne. Ana ta yabon Archangel, amma in na yi kombo da shi, wato jerin duka biyar ɗin da aka saba, jinin (ma'aunin ran) abokin faɗa da ƙyar yake motsi. Ina matsalar take, kuma wa zan fara ɗagawa?

Na Daura:
Wa alaikumus salam. Malam, ba a buga Archangel da kombo. Aikinsa biyu ne: pari, wato ka tare duka daidai lokacin da zai sauka don abokin faɗa ya sandare, sai ka danne gefen dama na fuskar wayar ka sake masa duka mai nauyi. Tarewar ce ke iya sa masa guba, dukan mai nauyi kuma ke jawo zubar jini. In zubar jini ta tarar da guba a jikinsa, sai su rikiɗe su zama gubar jijiya, ita ce ke cin jinin kamar gara. Saboda haka kada ka yi gaggawa, ka bari gubar ta fara kamawa. In ka sake samun Archangel karo na biyu a wasan ya farka, wato baiwarsa ta musamman ta buɗe, gubar jijiyar tana hana abokin faɗa warkar da kansa, tana kuma dakushe baiwarsa. A mastari, wato sashen ƙara wa jarumanka ƙwarewa, ka buɗe Deep Wounds don jinin ya daɗe yana zuba, da Stupefy don sandarewar ta ba ka lokacin sakin dukan.

Yayan Gem:
Duk gaskiya ne, amma ƙanena ka san inda ba ya cin kasuwa. Duk wanda guba ko zubar jini ba ya kama shi ya gama da Archangel. Ultron, Vision da Sentinel inji ne, babu ɗaya da ke kama su, ga shi 'yan rukunin Tech ne, su ke da rinjaye a kan Mutant, rukunin Archangel. Colossus ba ya zubar da jini, Hyperion ɗin naka ma guba ba ta kama shi. Haka in ka tarar da faɗan da aka hana sandarewa, ko mai sharaɗin Limber da ke rage ta bayan kowane pari, kana danne dukan za a tare ka da kombo a fuska. Ni a ganina Hyperion za ka fara ɗagawa. Ƙarfin da yake sakin sifeshal (duka na musamman) da shi na taruwa da kansa, dukansa mai nauyi na ƙara masa zafin hannu, sifeshal na ɗaya yana ƙonawa, na biyu yana fasa sulke. Ya fi shiga ko'ina.

Na Daura:
Yaya, ai shi ma Hyperion sai da pari yake tara zafin nan. Kuma a gaban 'yan rukunin Mystic masu goge ƙarin ƙarfi, irin su Doctor Doom, wahala yake sha.

Mai Cajin Kasuwa:
Ku duba wayar ma. Pari abu ne na ƙiftawar ido, in waya ta ɗau zafi, musamman a ranar Katsina ta watan Afrilu, hoto na sarƙewa, yatsa ya riga ko ya makara. Cire ta daga caji, cire mata riga, rufe sauran manhajoji. In duk da haka tana sarƙewa, ɗauki Hyperion, don ko pari ya kuɓuce maka sifeshal na nan tafe.