Ƙaramar tarakta ta tana mutuwa da zarar na buɗe cok

Assalamu alaikum, 'yan'uwa manoma da makanikai na wannan zaure. Ina da ƙaramar tarakta mai ƙafa biyu, mai injin fetur silinda ɗaya, wadda nake kaftu da ita a lambuna da ke kusa da Mirya. Tun da muka gama noman rani a watan Afrilu na jingine ta a zaure da sauran mai a tanki. Yanzu ga damina ta kawo kai, na tayar da ita, tana tashi idan na rufe cok, amma ina buɗe shi sai ta yi ta shaƙewa ta mutu. Na sa sabon buji, wuta tana fita sosai. Man da ke ciki na ruwa-ruwa ne, wato wanda ake sayarwa a kwalba a bakin hanya. Wani yaro ya ce in kawo ya zura wa kafireta allura, hankalina bai kwanta ba. Don Allah ku ba ni shawara.

Amsar wani makanike daga Zongo:

Wa alaikumus salam, Malam. Injin da ba ya tsayawa sai da cok yana gaya maka cewa mai ne bai ishe shi ba, domin cok iska yake ragewa don ɗan man da ke isowa ya wadatar. Kada ka fara da kwance kafireta, ka fara bin man daga tanki. A ƙasan kwanon kafireta akwai ɗan noti na zubar da mai. Ka tara farar kwalba, ka buɗe makunnin mai, ka sassauta notin, ka duba. Idan man yana zuba ba yankewa, hanya lafiya take. Idan yana ɗiga, matsalar tana sama, ko a matatar bakin tanki, ko a ɗan kofin da ke ƙarƙashin makunnin, ko tiyon ya tsufa ya toshe. Sannan ka bar kwalbar ta natsa, domin ruwa ya fi fetur nauyi, za ka gan shi kwance a ƙasa tare da yashi.

Amsar wani dattijo manomi daga Matamaye:

Ɗana, ka duba murfin tanki ma. Akwai ɗan rami a jikinsa da iska ke shiga, kuma ƙurar hunturu tana liƙe shi. Tawa ta taɓa wahalar da ni haka, sai ta yi aiki kaɗan ta mutu, ashe murfin ne.

Makaniken ya ƙara da cewa:

Gaskiya ne, Baba, sai dai mai matsalar murfi yakan yi aiki na wasu mintoci kafin ya mutu, shi kuwa wannan nan take yake mutuwa, shi ya sa na fi zargin jet, wato ɗan noti mai siririn rami da mai ke bi a cikin kafireta. Fetur idan ya yi watanni a kwano yakan bushe ya bar danƙo mai launin ƙasa, mai wari kamar tsohon fenti. Malam, ka rufe mai, ka kwance kwanon da sifana mai lamba 10, ka zare ƙusar da ke riƙe da fulota, wato abin da ke yawo a kan man cikin kwanon, ka lura kada allurarta ta faɗi a yashi, don haka ka shimfiɗa farin ƙyalle tukuna. A cikin bututun da ke tsakiyar kafiretar za ka ga jet na tagulla. Ka cire shi da sukudireba mai faɗin da ya cika tsagarsa, in ba haka ba bakinsa zai lalace. Bayansa akwai siririn bututu mai ƙananan ramuka a gefe, wanda mutane da yawa ke mantawa da shi, alhali nan danƙon ya fi zama. Ka jiƙa su a maganin wankin kafireta, ka kai wurin mai faci ya hura musu iska, ka ɗaga su sama har sai ka ga haske ta kowane rami. Haka za ka yi wa ƙaramin jet na sulo, wato mai ba injin mai lokacin da yake aiki a hankali.

Batun allura kuwa, ka yi daidai da ka ƙi. Ƙarfe ya fi tagulla tauri, yana faɗaɗa ramin, daga nan injin sai shan mai da baƙin hayaƙi, kuma ba ya gyaruwa sai an sayi sabo. Idan dole ne, silin wayar lantarki guda ɗaya ya isa. Ka yi aikin a fili, nesa da murhu da mai shan taba.

Mai tambaya ya dawo:

Allah ya saka muku da alheri. Man yana zuba sosai, amma na ga ruwa kamar cokali guda a ƙasan kwalbar, kuma ramuka uku na siririn bututun a toshe suke. Na wanke, na juye tsohon man, na tace sabo da ƙyalle, ta tashi a ja na biyu kuma ta tsaya ba cok. Sai dai robar bakin kwanon ta tsage, mai yana ɗan tsattsafowa, don haka na rufe makunnin, gobe zan shiga Kasuwar Dole in nemo wata kafin in kai ta gona.