Malamina ya dawo min da babi na biyu, ku ba ni shawara

Ummu Sadiq: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu karatun sosholoji ku taimaka min, kwana biyu ban yi barcin kirki ba. Ina ajin ƙarshe, furojet ɗina a kan adashin mata ne a unguwarmu. Tun ina yarinya Gwaggona ce uwar adashi. Kowace Juma'a bayan la'asar sai ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ta fito da wani littafi mai jan bango da take rubuta zubi a ciki da ajami. Da kwasar adashi aka yi wa yayata kayan ɗaki, da ita aka biya min kuɗin rajista shekarar da Baba ya kwanta asibiti. Shi ya sa na zaɓi batun. Na ɗora aikin a kan ra'in fonshinalizim, mai cewa al'umma kamar jikin mutum take, kowane sashe da aikin da yake yi don sauran su zauna daidai. Na kawo Durkheim da littafinsa na 1893 a kan rabon aiki, inda ya yi bayanin abin da ke ɗaure mutane da juna. Shekaranjiya malamin da ke duba aikina ya bi shafi shida da jan biro, ya rubuta a gefe cewa yabon adashi na yi, ba nazari ba. In canza ra'in ne ko yaya zan yi?

Ɗan Birni: Wa alaikumus salam. Ƙanwata, canza shi yau ɗin nan. Wannan ra'i duk abin da ya tarar a ƙasa sai ya ce yana da amfani. A 1945 Davis da Moore, masu bin wannan ra'i, har cewa suka yi bambancin arziki dole ne, don a samu masu riƙe manyan ayyuka, sai da Tumin ya mayar musu da martani a 1953. Ki koma wa Marx, mai ra'in gwagwarmaya tsakanin masu hali da talakawa. Tambayar ita ce me ya hana matan nan samun bashi a banki har suka koma adashi.

Maman Hanan: Ni dai kar a yi min maganar adashi. Wata tara ina zubi, saura mutum ɗaya kwasata ta zo, uwar adashin ta ce an yi mata sata. Har gidan mai unguwa muka je, aka ce in yi haƙuri don zumunci. Har yau muna haɗuwa a gidan biki, ko kunya ba ta ji.

Ummu Sadiq: Allah ya mayar miki da alheri, Maman Hanan. Amma Gwaggo ba ta taɓa cin sisin kowa ba. Yaya Ɗan Birni, matan da na yi hira da su ba wadda ta ce an danne ta. Yaya zan rubuta abin da ba su faɗa ba?

Malam Sani T.: 'Yar uwa, ba sai kin rushe ginin ba. Ki nemi Merton, littafinsa na 1949. Cikin fonshinalizim ɗin yake, amma ya raba aikin da mutane suka yi niyya da wanda ke faruwa ba da niyyarsu ba, ya kuma ce tsari ɗaya kan amfani wasu ya cuci wasu. Tara kuɗi shi ne na fili. Na ɓoye, a zaman Juma'ar nan ake sanin wadda ba ta da lafiya da wadda ake neman aure wa 'yarta. Cutarwar kuwa ga ta Maman Hanan ta kawo miki. Zumuncin da ke riƙe adashin shi ya hana ta neman haƙƙinta.

Ɗan Birni: Malam, faci ne wannan. Ni a nawa furojet ɗin Parsons aka tilasta min, shi ma ɗan fonshinalizim ne, na haddace sassa huɗu na ra'insa, na fito ba abin da ya bayyana min game da rashin aikin yi da nake ciki shekara uku. Ta canza kawai.

Baƙon Damagaram: Me zai hana ta duba Ibn Khaldun da maganarsa ta asabiyya, wato haɗin kan jama'a? Tun 1377 ya rubuta Muƙaddima, ya riga su duka magana a kan abin da ke haɗa kan jama'a.

Malam Sani T.: Ummu Sadiq, yaushe ne ranar miƙa aikin? Kuma kin koma kin tambayi malamin abin da yake nufi?

Ummu Sadiq: Ban koma ba, ba ya son a yi ta zarya a ofishinsa. Ni matsalata, in na sa maganar cin kuɗi a ciki, matan unguwa za su ɗauka da Gwaggo nake, su kuwa suka ba ni amana suka yi min magana. Kuma na riga na kashe kuɗin buga takardu sau biyu.

Ɗan Birni: To kin ji abin da nake faɗa. Ki turo min babin ta akwatin saƙo in nuna miki inda Marx zai shiga.

Maman Hanan: In kina son hira da wadda aka ci wa kuɗi, ga ni.